Yadda Ake Lissafin Shekaru Tsakanin Ranaku Biyu a Excel, Daga Ranar Haihuwa Zuwa Ranar Ritaya

Duk wanda ya taɓa riƙe jerin sunayen ma'aikata a ofishi, ko rajistar ɗalibai a makaranta, ya san irin ranar da shugaba zai leƙo ya ce, "Malam, a fitar mini da shekarun kowa kafin azahar." Idan mutum goma ne, biro da bayan ambulan sun wadatar. Idan ɗari huɗu ne fa? Na ga ma'aikaci a nan Kaduna ya kwashe kwana biyu da kalkuleta yana cire shekara daga shekara, alhali kwamfutar da ke gabansa za ta gama aikin kafin shayinsa ya huce. Amma wanda ya fi ba ni tausayi shi ne wanda ya yi amfani da Excel ɗin, ya samu amsa, amsar kuwa kuskure ce, kuma babu wanda ya lura har takarda ta wuce gaba. Ranar ritayar bawan Allah da fanshonsa ne a cikin wannan ɗan akwatin, shi ya sa nake son mu bi aikin a tsanake.

Abin da zan nuna yana aiki a Excel, haka ma a Google Sheets da WPS da mutane da yawa ke da shi a waya. Za mu ɗauka sunaye suna layin B, ranar haihuwa tana layin C, ranar kama aiki tana layin D, kuma mutum na farko yana jere na 2.

Yadda Excel ke ganin kwanan wata

A wurin Excel, kwanan wata lamba ce kawai. Ya ɗauki 1 ga Janairu 1900 a matsayin 1, washegari 2, yana ta ƙirga har yau. Ranar samun 'yancin kan Najeriya, 1 ga Oktoba 1960, ita ce 22190. Ranar 1 ga Janairu 2025 ita ce 45658. Abin da kake gani a fuskar akwati, wato 01/10/1960, riga ce aka sanya wa lambar. Wannan ne dalilin da idan ka cire wata rana daga wata, misali =D2-C2, sai ka samu adadin kwanakin da ke tsakaninsu. Kuma shi ne dalilin da wani lokaci za ka rubuta fomula ka ga 46091 maimakon kwanan wata. Babu abin da ya lalace, rigar ce ba a sa ba.

Tabbatar da ranakun kafin a fara lissafi

A nan mafi yawan ɓarnar take, don haka zan daɗe a kai.

Mu a Najeriya rana muke fara rubutawa, sannan wata, sannan shekara. Amurkawa wata suke fara rubutawa. Yawancin kwamfutocin da ake sayowa na hannu, har da sababbi a kwali, da saitin Amurka suke zuwa, kuma mai shago ba ya canzawa. To ka zauna ka buga 10/03/1966 kana nufin 10 ga Maris, kwamfuta ta karɓa ba musu, amma a ranta 3 ga Oktoba ta ajiye. Ka buga 15/09/1994 a jere na gaba, ta duba ta ga babu wata na 15 a shekara, sai ta ajiye shi a matsayin rubutu zalla, kamar sunan mutum. Layi ɗaya ke nan ya haɗa cuta biyu: duk ranar da ba ta wuce 12 ga wata ba an juya ta, duk wadda ta wuce kuma ba ta zama kwanan wata ba sam.

Na taɓa karɓar jerin malamai daga wata makaranta a ɓangaren Tudun Wada, aka ce in taimaka da lissafin shekarun aiki. Da na faɗaɗa layin ranar haihuwa sai na ga wasu ranaku sun jingina da gefen dama, wasu sun manne a hagu. Wannan ita ce alama ta farko: Excel yana tura lamba dama, rubutu kuma hagu, matuƙar ba wanda ya taɓa saitin jeri. Wata malama a ciki, an haife ta 10 ga Maris, kwamfuta ta mayar da ita 3 ga Oktoba. Kusan wata bakwai ke nan aka ƙara mata a ranar barin aiki. Da an bari haka, za ta ci gaba da karɓar albashi bayan lokacinta ya cika, irin kuɗin da daga baya akan nemi mutum ya mayar, a daidai lokacin da yake jiran haƙƙoƙinsa.

Ga yadda za ka duba naka. A wani layi da babu komai rubuta =ISNUMBER(C2), ka ja shi ƙasa har ƙarshen sunaye. Inda ya ce TRUE kwanan wata ne na gaske, inda ya ce FALSE rubutu ne. Bayan haka ka zaɓi layin C da D gaba ɗaya, ka danna Ctrl da 1 tare, ka shiga Custom, ka rubuta dd-mmm-yyyy. Yanzu ranar za ta fito kamar 10-Mar-1966, sunan wata a fili, babu sauran tababa. Ni duk jadawalin da ya shigo hannuna wannan nake fara yi masa. Waɗanda suka ƙi canza kama bayan ka yi haka, su ne rubutun.

Sai gyaran tushe. Shiga Control Panel, sannan Region, ka zaɓi Ingilishin Najeriya ko na Birtaniya, domin abin da za ka buga nan gaba ya shiga daidai. Wannan ba ya gyara abin da aka riga aka buga. Idan layin duka rubutu ne, ka zaɓe shi, ka je Data, sannan Text to Columns, ka danna Next sau biyu, ka zaɓi Date tare da DMY, ka danna Finish. Idan kuwa layin gauraye ne irin na makarantar can, kuma ka tabbata duk an buga shi rana kafin wata a kwamfuta mai saitin Amurka, wannan fomula a sabon layi tana gyara duka biyun:

=IF(ISNUMBER(C2),DATE(YEAR(C2),DAY(C2),MONTH(C2)),DATE(RIGHT(C2,4),MID(C2,4,2),LEFT(C2,2)))

Ma'anarta: idan lamba ce, a musanya rana da wata, idan rubutu ne, a yanko shekara daga dama, wata daga tsakiya, rana daga hagu, a haɗa. Tana bukatar a ce an rubuta wata da lamba biyu, 09 ba 9 ba. Kuma kada ka yarda da ita ido rufe. Ɗauko fayil goma daga kabad, ka gwada da takardar haihuwa ko takardar rantsuwar shekaru ta kotu. Idan mutane da yawa ne suka buga jerin a kwamfutoci daban-daban, babu fomular da za ta san wanne aka juya, fayil ne kaɗai zai raba gardama.

Shekara kuma a rubuta ta da lamba huɗu. Idan ka buga 45, kwamfuta ce za ta zaɓa maka tsakanin 1945 da 2045 bisa saitinta.

Hanyoyin da suke kama da daidai

Akwai hanyoyi uku da mutane suka saba, dukansu suna faɗuwa a daidai wurin da ake bukatarsu, wato kusa da ranar cikar shekara.

Ta farko, cire shekara daga shekara: =YEAR(TODAY())-YEAR(C2), inda TODAY() ke ba da ranar yau. Wanda aka haifa 20 ga Disamba 1990, idan ka lissafa ranar 5 ga Janairu 2026 za ta ce 36, alhali bai fi kwana goma sha shida da cika 35 ba.

Ta biyu, raba kwanaki da 365. Ta manta da shekarar da Fabrairu ke kwana 29. A cikin shekara sittin waɗannan kwanaki sun kai goma sha biyar. Wanda aka haifa 10 ga Maris 1966, ranar 1 ga Maris 2026 ya yi kwana 21,906 a duniya. Ka raba da 365 ka samu 60 da ɗoriya, alhali saura kwana tara ya cika sittin.

Ta uku, raba da 365.25, wadda ake ganin ta gyara ta biyu. Yarinyar da aka haifa 5 ga Yuni 2005 ta cika 18 ranar 5 ga Yuni 2023. Kwanakinta 6,574, a raba da 365.25 a samu 17.99, sai kwamfuta ta ce ba ta isa yin katin zaɓe ba a ranar da doka ta ce ta isa.

DATEDIF

Wannan ita ce fomular aikin. Tana ƙirga shekarun da suka cika kamar yadda mutum zai ƙirga, ba ta ƙara shekara sai ranar ta zagayo.

Ka fara da keɓe akwati ɗaya, a ce H1, ka rubuta ranar da ake son lissafin ya tsaya a kanta, misali 31/12/2025. Sannan a E2 ka rubuta:

=DATEDIF(C2,$H$1,"Y")

Tsohuwar rana ce farko, sabuwa ta biyu. Idan ka juya su za ka ga #NUM!. Harafin Y cikin alamar zance yana nufin cikakkun shekaru. Alamar dala da ke jikin H1 tana ɗaure akwatin ne don kada ya zame zuwa H2 da H3 sa'ad da ka ja fomular ƙasa. Idan ka danna F4 bayan rubuta H1 za ta shiga da kanta. Ka danna Enter, ka koma kan E2, ka danna ɗan ɗigon da ke kusurwar ƙasa ta dama sau biyu, fomular za ta gangara har sunan ƙarshe. Shekarun aiki ma haka, sai dai D2 za ka sa a madadin C2.

Kada ka yi mamaki idan kana bugawa Excel bai kawo maka sunanta cikin jerin da yake nunawa ba. Tsohuwar fomula ce da aka gado daga Lotus 1-2-3, Microsoft ya bar ta don tsofaffin jadawalai su ci gaba da aiki. Ka buga ta da hannu har ƙarshe, za ta amsa.

Me ya sa na ce a sa rana a H1 maimakon TODAY()? Domin TODAY() tana canzawa kullum. =DATEDIF(C2,TODAY(),"Y") tana da kyau ga jadawalin da kake buɗewa kowace safiya don ganin halin da ake ciki. Amma rahoton da aka ce "zuwa ƙarshen Disamba", idan mai bincike ya buɗe shi a watan Afrilu zai ga lambobin sun saɓa da takardar da ka sa wa hannu, kuma kai za a kira. Idan ranar yau kake so ta zauna daram, danna Ctrl da alamar ; tare.

Wani abu da ke yawan faruwa: an turo maka fomula ta WhatsApp, ka kwafa ka liƙa, sai ka ga #NAME?. Waya ce ta lanƙwasa alamun zancen da ke kewaye da Y. Goge su ka sake bugawa daga kibod. A wasu kwamfutocin kuma, saboda saitin yanki, alamar ; ake sawa tsakanin sassan fomula maimakon waƙafi.

Shekara, wata da kwana

Fom ɗin fansho da na ƙarin girma sukan nemi fiye da shekara. "M" tana ba da dukkan watanni, "D" dukkan kwanaki, "YM" kuma watannin da suka rage bayan an cire cikakkun shekaru. Ma'aikacin da ya kama aiki 15 ga Satumba 1994, zuwa 31 ga Disamba 2025, Y za ta ba shi 31, YM ta ba shi 3, saura kwana 16.

Akwai "MD" da aka yi domin waɗannan ragowar kwanaki, amma Microsoft da kansa ya yi gargaɗin cewa tana iya ba da amsa mara kyau. Gwada daga 31 ga Janairu zuwa 1 ga Maris 2023, za ka iya ganin -2. Ni na daina amfani da ita. Ga madadinta:

=$H$1-EDATE(D2,DATEDIF(D2,$H$1,"M"))

Tana tura ranar kama aiki gaba da adadin cikakkun watanni, sannan ta ƙirga kwanakin da suka rage. Idan amsar ta fito da kamar kwanan wata na 1900, danna Ctrl da 1 ka mayar da akwatin General. In kana son komai a jimla ɗaya, da Hausa ma:

="shekara "&DATEDIF(D2,$H$1,"Y")&", wata "&DATEDIF(D2,$H$1,"YM")&", kwana "&($H$1-EDATE(D2,DATEDIF(D2,$H$1,"M")))

Za ta fito: shekara 31, wata 3, kwana 16. Sai dai wannan rubutu ne, ba za ka iya jera mutane daga babba zuwa ƙarami da shi ba, don haka ka bar layin lamba a gefensa.

Ranar ritaya

Ƙa'idar aikin gwamnati ita ce shekara 60 da haihuwa ko 35 a aiki, duk wadda ta riga zuwa. Nan ba ƙirga baya ake yi ba, gaba ake hange, kuma EDATE ce ke yi. Da watanni take aiki, saboda haka sai a ninka shekaru da 12:

=MIN(EDATE(C2,60*12),EDATE(D2,35*12))

MIN tana zaɓar wadda ta fi kusa. Wanda aka haifa 10 ga Maris 1966 ya kama aiki 15 ga Satumba 1994, zai cika 60 ranar 10 ga Maris 2026, shekara 35 a aiki kuwa sai 15 ga Satumba 2029, don haka shekarun haihuwa ne za su fitar da shi. Wanda aka haifa 2 ga Yuli 1972 ya shiga aiki da ƙuruciya ranar 1 ga Nuwamba 1993, shekarun aiki ne za su riske shi, 1 ga Nuwamba 2028, yana ɗan shekara 56. Amsar farko za ta fito 46091, sai ka sa mata rigar dd-mmm-yyyy.

Ba kowa ke kan 60 da 35 ba. Dokar tarayya ta 2022 ta kai malaman firamare da sakandare 65 da 40, farfesoshin jami'a kuma 70 ne. Shawarata ita ce kada a binne waɗannan lambobi cikin fomula. A buɗe layi biyu, ɗaya na iyakar shekarun haihuwa ɗaya na iyakar shekarun aiki, a cike wa kowa bisa takardar umarnin da ma'aikatarsa ke bi. Idan suna F da G, fomular ta zama =MIN(EDATE(C2,F2*12),EDATE(D2,G2*12)). Ranar da sabuwar sanarwa ta fito, lamba kawai za ka canza.

Idan ranar ritaya tana layin I, =COUNTIFS(I:I,">="&DATE(2026,1,1),I:I,"<="&DATE(2026,12,31)) za ta gaya maka mutum nawa za su tafi a 2026. Ina kuma son ƙara layi mai =EDATE(I2,-6), wato wata shida kafin ranar, domin a sanar da mutum ya fara haɗa takardunsa. Dattijon da ya ba aiki shekara talatin da biyar bai kamata ya ji labarin ritayarsa a bakin masinja ba.

Za ka lura mutane da yawa a jerin, musamman manya, 1 ga Janairu ce ranar haihuwarsu. Ba kuskuren bugu ba ne, haka aka rubuta a takardar rantsuwa lokacin da ba a san ainihin ranar ba. Ka bar ta yadda take a fayil. Idan ranar da ke fayil ta saɓa da ta katin ɗan ƙasa, ba aikin mai kwamfuta ba ne ya zaɓi ɗaya. Ka yi wa jeren launi ka kai wa shugaban sashe.

Wanda aka haifa ko ya kama aiki 29 ga Fabrairu yana bukatar ido. EDATE za ta kai wanda ya fara aiki 29 ga Fabrairu 1992 zuwa 28 ga Fabrairu 2027, DATEDIF kuwa ba za ta ce 35 ba sai 1 ga Maris. Kwana ɗaya ne, amma gara ka san dalilinsa kafin a tambaye ka.

Akwatin da aka bari fanko

Idan ka ga mai shekara 125 a jerinka, ba a cike ranar haihuwarsa ba ne. Excel ya ɗauki fanko a matsayin sifili, wato farkon 1900. Mutum ɗaya irin wannan ya isa ya ɓata matsakaicin shekarun ofishi duka. Rufe ƙofar da wannan:

=IF(ISNUMBER(C2),DATEDIF(C2,$H$1,"Y"),"a duba fayil")

Na fi son wannan a kan IFERROR, wadda ke share kuskure ta bar wurin fes kamar babu matsala.

Rabin shekara, shekarar Hijira, da ranakun da suka riga 1900

Mai lissafin haya ko kwantiragi wani lokaci yana son shekara da gutsurenta, kamar 2.5. Wannan aikin YEARFRAC ne: =YEARFRAC(D2,$H$1,1). Lambar 1 ta ƙarshe tana cewa a bi ainihin kwanakin kalanda. Idan ka bar ta, Excel zai ɗauki kowane wata kwana 30, shekara 360, irin lissafin bankunan Amurka. Don shekarun mutum dai ka tsaya a kan DATEDIF.

Masu riƙe rajistar Islamiyya sukan tambaya ko za a iya fitar da shekaru da lissafin Hijira. Shekarar Hijira kwana 354 ce ko 355, ta gaza ta Miladiyya da kimanin kwana 11. =INT(($H$1-C2)/354.367) za ta ba ka ƙiyasi mai kyau: mai shekara 60 cif a boko ya kusa 62 a Hijira. Ƙiyasi ne, domin farkon wata a wurinmu yana bin ganin jinjirin wata da sanarwar Sarkin Musulmi, abin da kwamfuta ba ta da labarinsa. A kusa da ranar cikar shekara sai a koma kalanda.

Ɗaliban tarihi kuma za su ci karo da katanga: Excel bai san ranar da ta riga 1900 ba. Ka buga 15/12/1754, ranar haihuwar Shehu Usmanu ɗan Fodiyo, zai ajiye ta a matsayin rubutu. Ka ce bari ka bi ta DATE(1754,12,15), sai ya ƙara 1900 a kai ya kai ka shekarar 3654. Dabarar ita ce ƙara 400 a kan shekarun biyu, domin kalandar Miladiyya tana maimaita kanta daidai bayan kowace shekara 400. Haihuwa ta zama 15/12/2154, rasuwarsa ta 20 ga Afrilu 1817 ta zama 20/04/2217, DATEDIF ta ba ka 62 da Y, ta ba ka 4 da YM.

Kafin ka buga rahoto ka kai ofishin shugaba, ƙara jere ɗaya na gwaji a ƙasan sunaye da ranar da ka san amsarta. Ni 27/05/1967 nake sawa, ranar da aka ƙirƙiro Jihar Arewa ta Tsakiya wadda ta zama Jihar Kaduna a 1976. Ka sa 26/05/2025 a H1, dole ta ce 57. Ka mayar 27/05/2025, dole ta koma 58. Idan ta yi haka, mayar da ainihin ranar rahoto a H1, goge jeren gwajin, sannan ka kwafi layukan amsa ka liƙa su ta Paste Special da Values a kwafin da za ka tura wa wasu, domin lambobin su tsaya yadda ka sa musu hannu.